Sayen irin dashe: abin da mai garka ya kamata ya duba kafin ya biya

Da damina ta ɗauke, sai ka fara ganin ƙananan fangalai kore shar a bakin garake, daga Jiratawa kusa da Maraɗi har zuwa Galmi da Madawa a jihar Tawa. Waɗannan su ne wuraren renon iri, abin da ma'aikatan gona ke kira pépinière. A da kowane mai garka shi ke renon nasa. Yanzu akwai waɗanda suka mai da abin sana'a: su shuka, su rena, su cire su sayar wa mai dashe.

Abin da ke kai manomi wurinsu shi ne lokaci. Albasa na ɗaukar kwana 40 zuwa 50 a fangalin reno kafin ta isa dashe, lokacin da kaurinta ya kusa na fensir. Tumatir da shu kusan wata guda, salati mako 3. Wanda ya sayi irin da aka riga aka rena ya tsallake waɗannan kwanaki, ya kuma huta da ban ruwa safe da yamma.

Ga masu albasa, makonnin nan kuɗi ne. Mafi yawan albasar Galmi ana girbe ta a watannin Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashin buhu ya faɗi. Wanda ya fito da tasa a Disamba ko Janairu shi ke samun kasuwa mai tsada. Sai dai hakan na nufin a zuba iri tun cikin Agusta ko Satumba, ruwan sama na dukansa. Dole a ɗaga fangalin sama da ƙasa, a yi masa rumfa, kuma duk da haka ruwa ɗaya mai ƙarfi na iya wanke shi. Shi ya sa irin farko ya fi tsada, kuma a ganina mai renon ya cancanci kuɗinsa.

Matsalar ita ce mai saye ba ya ganin abin da ya saya sai bayan watanni. Ƙaramar albasa duk kamanninta ɗaya. An ce maka jar Galmi ce, sai ranar girbi ka tarar da gauraye, wata fara, wata mai kai biyu, kuma ba ta jure ajiya. Irin da ya tsufa a fangali ma haka: da sanyi ya kama shi sai ya yi saurin fitar da fure maimakon ya yi kai.

Ciwo kuma yana tafiya da saiwa. Ka ciro tumatir ɗaya ka karkaɗe ƙasar: in ka ga ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, wata tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, kuma in ta shiga garkarka za ta daɗe ba ta fita ba. Gindin da ya yi baƙi ya sirance alamar ruɓewa ce, yawanci saboda cunkoso da yawan ruwa. Ganyen da ya nannaɗe ya yi rawaya na iya zama cutar da farin ƙuda ke yaɗawa, wadda ba ta da magani. Masu reno na kirki kan rufe fangalinsu da gidan sauro saboda ita, su kuma ƙona kara a kan ƙasar kafin shuka.

Don haka ya fi kyau mutum ya je wurin renon da kansa, a cire a gabansa, ya tambayi ranar da aka zuba irin da kuma inda aka samo shi. A dasa da yamma, a ranar da aka cire.

A Yamai, sana'ar ta ɗan bambanta. Masu reno a bakin kogi sun fi sayar da furanni da mangwaro mai aure da lemo cikin baƙar leda, ga masu sabbin gidaje da ofisoshi. Kasuwarsu ta fi ci da damina, musamman gab da ranar 3 ga Agusta da ake bikin dashen itatuwa. A nan abin dubawa shi ne ƙasan ledar: in saiwa ta huda ta shiga ƙasa, itacen ya daɗe a wurin, kuma zai sha wuya bayan an tumɓuke shi.