Abin da ya kamata ku sani game da albashin mata masu ɗinka tufafi a Bangaladash

Ku duba wuyan rigar gwanjon da kuka saya, sau da yawa za ku tarar an rubuta a Bangaladash aka ɗinka ta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasar ke sayarwa waje tufafi ne. Mutum kusan miliyan 4 ne ke aiki a masana'antun ɗinkin, fiye da rabinsu mata, akasari waɗanda suka baro ƙauye zuwa Daka da Gazipur neman abin rufin asiri.

Gwamnati ce ke yanke musu mafi ƙarancin albashi. A 2013 taka (kuɗin ƙasar) 5,300 ne a wata, a 2018 ya koma 8,000. A ƙarshen 2023, bayan zanga-zangar da wasu ma'aikata suka rasa rayukansu a cikinta, aka mayar da shi 12,500, wajen dala 113 a lokacin. Ƙungiyoyin ƙwadago kuwa 23,000 suka nema, domin albashin da zai riƙe mutum shi ne wanda zai ishe shi abinci da haya da magani da kuɗin makarantar yara, har ya ɗan yi ajiya, ba sai ya kai dare yana aiki ba.

Nan ne matsalar take. Mace za ta wuni a kan keke tana ɗinka hannun riga kawai, ɗaya bayan ɗaya, ga mai sa ido yana ƙirga abin da ta gama kowace awa. Idan lokacin tashi ya yi, dole ta zarce aikin ƙarin lokaci, don albashin bai kai ƙarshen wata. Ta koma ɗaki ɗaya na haya, murhu da banɗaki na haɗaka da maƙwabta, 'ya'yanta suna can ƙauye wajen kakarsu.

Manyan kamfanonin tufafi irin H&M da Primark ba su ne masu masana'antun ba. Kwangila suke bayarwa, su taya da arha, mai masana'anta kuma ya san in ya ƙi, aikin zai koma wata ƙasa. Sai ya matse a kan albashi, alhali ladan ɗinki ɗan kaɗan ne cikin kuɗin da ake sayar da rigar a Turai.

Ranar 24 ga Afrilu, 2013, benen Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinki ya rufta ya kashe mutum 1,134, bayan an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan amma aka tilasta wa ma'aikata shiga. Daga nan kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar kiyaye gine-gine da gobara, wadda doka ke iya kama wanda ya saɓa, kuma an ga gyara. Albashi kuwa har yau alkawarin baki ne. Ya kamata a ɗaure kamfanonin nan da irin wannan yarjejeniya, su biya farashin da zai ba wa matan nan albashin da zai riƙe su.