Idan zuma ta sauka a gidanka

A cikin watan Nuwamban da ya shige, wajen la'asar, wani gungun ƙudan zuma ya ƙetaro katangar gidanmu a Maraɗi, ya sauka bisa reshen bedin da ke tsakar gida, ya dunƙule kamar an rataye tulu. Kafin a jima mata sun kwashe yara sun shige ɗaka, maƙwabta kuma sun cika ƙofar gida, kowa da tasa shawara: wannan ya ce a kawo kananzir da ashana, wancan ya ce a fesa piya-piya. Ana cikin haka sai wani dattijo mai sayar da zuma a kasuwa, mutumin wani ƙauye na wajen Madarumfa, ya roƙi a dakata masa zuwa magariba. Da rana ta faɗi ya dawo da amya, ya tara ta ƙarƙashin reshen, ya girgiza sau ɗaya, gungun ya zube ciki, ya rufe bakin da zane ya ɗora bisa kai ya yi tafiyarsa. Ba a harbi kowa ba. Da na ce masa, Baba, nawa za a ba ka, sai ya yi dariya, ya nuna mini amyar da ke kansa.

Abin da ya faru a gidanmu yana faruwa kowace shekara a unguwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, har da Yamai, sai dai ba kullum ake samun dattijo irin wannan a kusa ba. Sau da yawa wuta ce ke raba gardama, wani lokaci kuma ta haɗa da zanan gida ko rumbu. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san dalilin da ke kawo zuma cikin gida, da abin da ya dace a yi idan ta zo.

Abin da ke kawo ta

Dalili na farko shi ne yalwa. Bayan damina, lokacin da gawo ya yi ganye ya fitar da fure alhali sauran itatuwa suna kaɗewa, gidan zuma yakan cika ya batse. Sai uwar gidan, wadda muke kira sarkin zuma ko da yake mace ce, ta fita da wajen rabin jama'arta, ta bar wa sabuwar sarauniya gida. Gungun da muke gani bisa reshe matafiya ne da suka yada zango: sun cika cikinsu da zuma, ba su da saƙa ko ƴaƴan da za su kare, shi ya sa ba su cika faɗa ba in ba a tsokane su ba. Suna jiran ƴan leƙen asirinsu su samo kogon itace, kuma galibi sukan tashi cikin ƴan awoyi ko kwana biyu zuwa uku.

Dalili na biyu shi ne ƙishirwa. Ƙudan zuma yana riƙe ɗumin wurin da ƴaƴansa suke a wajen digiri 35, alhali kuwa a watan Afirilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan haura digiri 40. Domin ya sanyaya gida sai ya ɗebo ruwa, ya shimfiɗa bisa saƙa, ya riƙa fifita da fukafukai. Idan tabkuna sun ƙafe, ba shi da wurin zuwa sai bakin randa, da famfo, da kwatamin dabbobi, da teburin mai sayar da lemo. Dalili na uku kuwa rashin wurin zama ne: tsofaffin kukoki da tsamiyoyi masu kogo sun ragu a kewayen garuruwa, sai zuma ta koma cikin rufin ɗaki, ko ramin katanga, ko tsohuwar tukunya da aka kife.

Bashin da take bin mu

Da yawa daga cikinmu ba mu san amfanin wannan ƙwaro ba sai zaƙin da muke lasa, alhali babban aikinsa a gona yake. Wani rahoton masana na ƙasashen duniya da ya fito a shekarar 2016 ya nuna cewa wajen kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona suna ƙaruwa da barbarar da ƙwari da tsuntsaye da jemagu ke yi wa fure. Hatsi da dawa iska ce ke yi musu wannan aiki, amma abin da ke kawo wa mai garka kuɗi yana hannun ƙwari. Kabewa da kankana da guna furensu biyu ne, namiji dabam, mace dabam, in babu mai ɗauko garin wannan ya kai wa wancan, ɗan zai yi rawaya ya faɗi tun yana ƙarami.

Albasar Galmi, wadda manyan motoci ke kaiwa har Gana da Kodibuwa, ita ma haka take. Kan albasa ba ya bukatar ƙwaro, amma iri yana bukata, domin a furen albasa ɓangaren namiji yakan nuna kafin na mace, sai an kawo gari daga wani fure sannan ƙwaya ta ƙullu. Manomin da ke fitar da iri a jahar Tawa, in ya fesa magani lokacin da albasa ke cikin fure, ya kashe ma'aikatan da ke yi masa aiki kyauta, kuma a wajen sussuka zai ga sakamako.

Bugu da ƙari, ba mai ba da zuma kaɗai ne ƙudan zuma ba. Masana sun ƙidaya iri fiye da 20,000 a duniya, mafi yawansu ba su yin zuma, ba su da sarauniya, kowace mace ita kaɗai take haƙa ɗan raminta a ƙasa ko cikin busasshen kara. Akwai babba baƙi mai ƙugi da ke huda azara, akwai mai yanka ganye da'ira-da'ira kamar an sa almakashi, akwai kuma galla, ƴar ƙarama wadda ba ta da ƙari ko kaɗan. Waɗannan ba su taruwa su far wa mutum, kuma su ma suna cikin masu yi wa garka barbara.

Ga zaƙi ga harbi

Duk da haka kada mu ruɗi kanmu. Zumar Afirka ta fi ta Turai zafin rai, duniya ma ta shaida: wadda aka kai Birazil a 1956 ta kuɓuce a 1957, jikokinta suka bazu har suka isa kudancin Amurka a 1990. Gungun da ya riga ya yi saƙa ya aje ƴaƴa yana kare gidansa da rai. Wanda ya yi harbi yakan bar ƙarinsa a jikin mutum ya mutu, amma ƙarin yana fitar da wani wari mai kiran sauran. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne ƙananan yara, da tsofaffi, da dabbar da ke ɗaure a turke ba ta da halin gudu.

Idan zuma ta tashi, a rufe fuska da riga, a ruga a shiga ɗaki a rufe ƙofa; kada a tsaya kore ta da hannu, kada kuma a faɗa cikin ruwa, domin takan jira a sama. A kwance dabbobi in da hali. A kankare ƙarin da farce nan take, a wanke wurin, a ɗora abu mai sanyi. Wanda aka harba da yawa, ko wanda fuskarsa ko maƙogwaronsa ya kumbura, numfashi ya yi masa wuya, ko jiri ya kama shi, ko da harbi ɗaya ne, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran maganin gida ba.

Zaman maƙwabtaka

Rigakafin ba ya cin kuɗi. Tun kafin bazara a aje kasko da ruwa da ƴan tsakuwa a can ƙarshen gida ko garka, nesa da wurin wasan yara, a riƙa cika shi, a kuma rufe randuna. Zuma in ta saba da mashaya ɗaya ba ta cika canzawa ba. A toshe ramukan rufi da na katanga. Mai garka ya bar fesa magani lokacin fure, in kuwa ya zama dole to ya bari sai rana ta faɗi. Gungun da ya yada zango a hana yara jifarsa, a ba shi kwana biyu. Wanda ya yi gida kusa da ɗakin kwana ko makaranta kuwa dole a ɗauke shi, amma aikin mai amya ne, da dare, da hayaƙi.

Akwai dalilin da zai sa mu ƙara saba wa da wannan maƙwabci. Tun daga 1983, lokacin da aka fara aikin renon tohon itatuwa cikin gonaki a jahar Maraɗi, manoman kudancin Nijar sun maido da itatuwa wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5. Inda gawo da kalgo da magarya suka dawo, fure ya dawo, kuma mai bin fure ba zai tsaya a bakin gari ba.

Saboda haka muna kira ga magadan gari da ma'aikatan gandun daji da ƴan kwana-kwana da su san masu amya na kowace karkara, su bai wa masu unguwanni sunayensu, domin wanda zuma ta sauka masa ya san ƙofar da zai buga. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 20 ga Mayu domin ƙudan zuma tun 2017, kuma ranar tana faɗawa tsakiyar zafinmu, lokacin da ya fi bukatar ruwa. Ƙwaron da aka sa wa sura guda suna da shi a cikin Alƙur'ani bai cancanci kananzir da ashana ba. Mu a gidanmu kaskon yana nan gindin katanga, kuma yaran da suka gudu ɗaka a watan Nuwamba su ne ke cika shi kowace safiya.