Shuka a Ɗakin Kwana: Maganar Sinawa da Amsar Kimiyya

A ƙasar Sin akwai wani daɗaɗɗen ilmi na tsara muhalli da ake kira fanshuwe, wato "iska da ruwa". Masu bin sa sun yi imani da cewa akwai wani ƙarfi ɓoyayye mai kewayawa cikin gida, kuma yadda aka jera kaya shi ke buɗe masa hanya ko ya toshe ta. Da yawansu suna hana ajiye shuka a ɗakin kwana, a cewarsu mai girma kullum cikin motsi yake, alhali barci natsuwa yake bukata. Wasunsu kuwa sun yarda da tukunya ɗaya ko biyu. To, me ilmin halittu ya ce?

Tun a shekarar 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya gano cewa ganye yana fitar da iska mai kyau a cikin hasken rana, idan duhu ya yi kuma sai ya fitar da gurɓatacciya. A yau mun san dalili. Da rana shuka tana haɗa abincinta, ta saki oksijin. Da dare wannan aiki yakan tsaya, sai numfashi kawai ya rage, ta shaƙi oksijin ta fitar da kabon dayoksaid kamar yadda muke yi. Daga nan tsoron ya samo asali.

Amma sai a dubi yawan abin. Baligi guda yana fitar da kusan kilo 1 na kabon dayoksaid a kwana ɗaya. Abin da shukar tukunya take fitarwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da wannan. Wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ƙanensa lafiya, ba shi da dalilin jin tsoron fure. Hasali ma, wasu tsirrai irin su moda da abarba da dare suke buɗe ƙofofin ganyensu su zuƙi kabon dayoksaid, domin tattalin ruwa.

Sai dai kada a zarce da yabo. A 1989 hukumar NASA ta Amurka ta nuna cewa tsirrai suna rage wasu sinadarai masu guba, amma a cikin rufaffen akwati aka yi gwajin. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska daga waje take yi.

Ashe ke nan haɗarin yana wani wuri dabam. Ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin tukunya matattara ce ta sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko janareta a bakin taga, suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda takan kashe mutum cikin barci. Kada mu bar jaki muna dukan taiki.

Saboda haka, ɗalibi, ajiye shukarka idan tana faranta maka rai. Ka dai kula da abubuwa biyun nan da Sinawa suka ambata: iska ta riƙa shiga, ruwa kuma kada ya kwanta.