Turaren ɓaure biyu, hannu ɗaya

Duk wanda ya shiga neman turare mai ƙamshin ɓaure, sunaye biyu zai riƙa cin karo da su: Premier Figuier na kamfanin L'Artisan Parfumeur, da Philosykos na Diptyque. Dukansu 'yan Faris ne, kuma mace ɗaya ce ta haɗa su, Olivia Giacobetti, na farkon a 1994, na biyun a 1996. Kamanninsu ke nan ba abin mamaki ba ne.

Ɓauren da ake nufi ba irin namu na bakin fadama ba ne, ɗan'uwansa ne na ƙasashen bakin Bahar Rum, wanda Larabawa ke kira tin. Kuma ba daga 'ya'yansa ake tatsar turaren ba. Man ganyensa ma an hana sa shi a turare, domin yana ƙona fata idan rana ta taɓa ta. Sai masu haɗi suka koma ga sinadarai: stemone, mai ƙamshin ɗanyen ganye da aka murza, da wasu masu ƙamshin madarar kwakwa, su tsaya a madadin farin ruwan nan da ke tsattsafowa idan an karya reshe. Yadda aka auna waɗannan biyun shi ne ya raba turarukan.

Philosykos ganye ya bi. Da fesawa za ka ji ɗanyantaka mai ɗan ɗaci, in ya lafa sai busasshen katako ya fito, irin ƙamshin fensirin da aka fere. Premier Figuier kuwa madarar ya riƙe, da almon da sandal, ya fi taushi da zaƙi, ya fi kwanciya a jiki. A wurina Philosykos ya fi dacewa da rana mai zafi, don zaƙin ɗayan yakan yi nauyi idan gumi ya karyo. Amma fata suna ta tara: a jikin wani kwakwar ce ke danne komai.

Shi ya sa shinshinar takardar gwaji a shago ba ta raba gardama, minti goman farko kusan bakinsu ɗaya. Fesa ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a na hagu, kada ka murza, ka fita harkarka, bayan awa uku ka sake shinshinawa. Ka kuma duba kwalba, domin an yi wa kowannensu mai sauƙi da mai ƙarfi. An yi Premier Figuier Extrême, Philosykos ma yana da eau de parfum, su ne masu ƙarfin. Gwada mai sauƙin wannan da mai ƙarfin wancan ba adalci ba ne.

Hancin da ya saba da oud da humra kuwa, kada ya sa ran ɗayansu zai kama riga har wanki. Turaruka ne masu sanyin murya, ga tsada, don haka a fara da ƙaramar kwalbar gwaji kafin a biya kuɗin babba.