Iyakar Gona da Awon Fili a Ƙasar Kano

Iyaka ita ce layin da ya raba gonar mutum da ta maƙwabcinsa, kuma a karkarar Kano ba kasafai ake barin ta tsirara ba. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, wadda gonakinta ke manne da juna tun daga gefen birni har zuwa ƙauyuka masu nisa, don haka kowane taki ɗaya na ƙasa yana da mai shi.

Manoma sun fi dogara da tsiro wajen tsayar da iyaka. Mafi yawan abin da ake dasawa shi ne gamba, domin saiwarta tana kama ƙasa, ko an yanke ta an yi zana, ko wuta ta ci ta da rani, da ruwa ya sauka sai ta sake tohowa a inda take. Wasu kan dasa aguwa ko bini-da-zugu, waɗanda dabbobi ba sa ci, wasu kuma lalle, wanda ke tsare iyaka ya kuma kawo kuɗi. A kusurwoyi akan nemi abin da ya fi daɗewa, kamar tsamiya ko kuka ko wani babban dutse. Bishiya kuwa tana da nata hukunci: akan sayar da gona a ware ɗorawar da ke cikinta, ta ci gaba da zama ta magadan mai gona na farko. Inda gona ta yi iyaka da burtali, wato hanyar da shanu ke bi zuwa makiyaya da mashaya, akan yi shinge mai kauri a ɓangarorin biyu.

Rigima ta fi tashi lokacin huɗa. Mai garma ya ƙara kunya ɗaya bana, ya ƙara wata baɗi, kafin a ankara gambar da ke bakin iyaka ta koma tsakiyar gonarsa, ko ma ta ɓace. Wannan shi ne cin iyaka, kuma abin kunya ne babba, balle malamai suna yawan tunatarwa a wa'azi cewa azaba mai tsanani na jiran wanda ya ƙwaci ƙasar wani komai ƙanƙantarta. Idan ƙara ta je gaban mai unguwa, ba a zaure ake yanke ta ba. Sai a ɗunguma zuwa gonar tare da dattawa da maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa. A bi layin da ƙafa, a tona inda ake zargi don neman tsohuwar saiwar gamba, a tambayi tsoho wanda ya san gonar tun zamanin iyayen masu jayayya. Abin da ya gagari mai unguwa yakan wuce wurin dagaci, daga nan hakimi, sannan alƙali.

Hanyoyin riƙe gona su ma suna da sunayensu. Akwai gado da saye da kyauta, waɗanda ke ba da mallaka, akwai kuma aro da haya da jingina, waɗanda ba sa bayarwa. Jingina ce ta fi haifar da shari'a, domin idan masu yarjejeniyar suka rasu, 'ya'yan mai riƙo sukan ɗauka saye ne. Rabon gado kuma yana ƙara yawan iyakoki, gandu ɗaya ya tsattsage ya zama 'yan gonaki.

Awo da lissafi ya ƙarfafa ne a farkon mulkin Turawa, lokacin da aka tura malaman taki suna auna gonaki da takun ƙafa don yanka haraji. Daga baya kadada, wadda ake kira eka, ta zama ma'aunin da aka saba da shi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. A gari kuwa da fuloti ake magana, wanda aka fi sani da ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ne kuma ke ba da takardar shaidar mallaka. Kafin a ba da ita, sai safiyo ya auna filin, ya kafa siminti mai lamba a kowace kusurwa, ya zana taswira. Sai dai unguwanni da yawa a gefen birnin Kano ba ta wannan hanya suka samu ba. Awon igiya ne: mai gona da dillali su ja igiya su yayyanka gonar, su bar 'yar siririyar hanya, a rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'ada. Irin wannan fili ya fi araha, amma sau da yawa ba a ware wurin makaranta ko magudanar ruwa. A takardar cinikin, har yanzu da sunayen maƙwabtan kusurwa huɗu ake bayyana iyakar filin.