Zafin waya a Sabon Ibadan da girgizar da ido ba ya gani

A unguwar Sabo ta Ibadan, inda Hausawa suka kafa zango tun 1916, ɗan canji da mai sarin goro duk da waya suke ciniki. Masu shagunan caji na unguwar kan taɓa bayan waya su ce ta ɗau zafi, a cire ta. Wannan zafin girgiza ce: lantarki na ratsa ƙarfe, ƙwayoyin elektiron na bugun ƙwayoyin zarra, su kuma suna kaɗawa. Da yake zarrar da ke cikin waya ba ta ƙirguwa, nauyin kan rarrabu, wayar ta huce.

Lamarin kan sauya idan na'urar gaba ɗayanta molekul ɗaya ce, wato 'yan ƙwayoyin zarra da ke ɗaure da juna. A 1974 Arieh Aviram da Mark Ratner suka kawo shawarar a yi na'urar lantarki da irin wannan molekul. A 1997 ayarin Mark Reed da James Tour a Amurka ya auna lantarkin da ke bi ta molekul da aka maƙala tsakanin tsinin zinare biyu. Shekara guda bayan haka, a Jami'ar Cornell, ayarin Wilson Ho ya gano girgizar molekul ɗaya na asetilin, gas ɗin masu walda, a kan tagulla: da ƙarfin lantarki ya kai milivolt 358, sai mahaɗar kabon da haidurojin ta fara amsar kuzari daga elektiron.

Nan ne gizo ke saƙar. Maikro'amfiya ɗaya kacal na nufin elektiron sama da tiriliyan 6 a kowace daƙiƙa, dukkansu ta ƙofa guda. Kaɗan daga cikinsu ne ke barin kuzarinsu, amma idan molekul ɗin bai zubar da shi cikin ƙarfen da ke riƙe da shi da wuri ba, girgizar kan taru har mahaɗa ta tsinke. Kafin ta tsinke ma, kaɗawar kan sauya yawan lantarkin da ke wucewa, awo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Wannan na cikin dalilan da suka sa, bayan shekara 50, silikon ne har yau ke cikin wayoyin kasuwa. Masana dai na ƙoƙarin mai da aibin amfani, su sa girgizar ta juya molekul daga wani fasali zuwa wani, ya zama makunni.