Mai Duba Haƙori a Bakin Shuɗin Nilu

Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kudu da Sinnar a ƙasar Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, gari ne na masu asuwaki. Nan da ƙauyukan Hausawa na Jazira, da wuya ka ga dattijo ba reshen arak, wato itacen asuwaki, a aljihunsa. Sai dai ƙasar rake ce, ga masana'antun sukari a Sinnar da Kenana da Junaid, shayi kuwa sau uku a wuni, kowane kofi zaƙi cau. Abin da asuwaki ya share da asuba, shayin hantsi ya mayar.

Wanda nauyin kula da haƙoran ya faɗa wa shi ne mataimakin likitan haƙori na asibitin karkara, wanda ake kira hakim. Kayan aikinsa kaɗan ne: ɗan madubi, tsinken ƙarfe, allurar banju mai kashe zafi, da awartaki iri-iri. Gwanintarsa tana cikin tambaya. "Baba, in ka sha ruwan sanyi ne yake tsira maka, ko shi yake tashinka da dare?" Zafin da ke wucewa nan take alama ce susa, wato ruɓar da mukan kira tsutsa, ba ta kai jijiya ba, ciko ya isa. Wanda ke hana barci ya riga ya kai. Daga nan sai ya ƙwanƙwasa haƙorin da gindin madubi. In mutum ya zabura, ciwon ya sauka saiwa. Ana iya ceton irin wannan da wankin jijiya a Wad Madani, inda Jami'ar Jazira take da tsangayar haƙori, amma manomin da ya bar dawa a gona ba ya da kuɗin zirga-zirga sau uku. Sai ya ce a cire, a huta. Yawanci ma ba ya zuwa sai kanumfari da ƙwayoyin kanti sun gaza, kumatu ya kumbura.

Hakim nagari ba ya tsayawa kan haƙorin da aka nuna masa. Yakan janye leɓen ƙasa ya duba, domin nan masu tumbak suke dasa tabarsu mai haɗin kanwa. Farin tabo ko gyambon da ya yi mako biyu bai warke ba na iya zama farkon ciwon daji, dole a tura mai shi babban asibiti. Dasashi mai yawan jini da haƙora masu girgiɗi kuwa sukan sa ya ce a auna suga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haifat. Jariri na zazzaɓi da gudawa, sai a ce fiƙoƙin da ba su fito ba ne sanadi, a tsaga dasashi a ƙwaƙule su da ƙarfen da ba a dafa ba. Gudawar na nan, ga rauni ya ƙaru, wani lokaci har haƙorin girma da ke ƙasa ya lalace. Hakim kan zauna da kakar yaro ya lallashe ta, ya haɗa mata ruwan gishiri da sukari.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, Sinja, babban birnin jihar Sinnar, kuma a Yunin 2024. Likitoci da yawa sun yi hijira, banju ya yi wuya, aka koma wa wanzami da awartakinsa.